Lomar da ke zagaya gidan rina: nazarin gida mai mata uku

Lamarin da za a duba a nan ƙarami ne a ido: gida ɗaya, mata uku, da abincin da ke shigowa cikinsa daga Afrilu zuwa ƙarshen kaka. Rinar ita ce wadda masana ke kira Polistes dominula, mai ratsin baƙi da rawaya. Asalinta ƙasashen da ke kewaye da tekun Bahar Rum ne da maƙwabtansu, ko da yake tun ƙarshen shekarun 1970 ta tsallaka Amurka ta bazu. Tana cikin rinar da aka fi zura wa ido a duniya, kuma dalilin a fili yake: gidanta ba shi da rufi, ba shi da bango. Saƙa ce guda ɗaya mai ɗakuna masu kusurwa shida, manne da reshe ko jikin gini ta wani siririn wuya, bakin kowane ɗaki a buɗe. Wanda ya samu wuri ya zauna, komai a gabansa ake yin sa.

Gidan da takarda aka gina shi, takarda ta gaske. Rina tana kankare busasshen itace da muƙamuƙinta, ta cuɗa da yawu, ta shimfiɗa ya bushe. Tun 1719 Bafaranshen masani Réaumur ya lura da wannan, har ya ba da shawarar mutane su gwada yin takarda da itace maimakon tsumma.

Yadda zaman ya faro

Matan nan uku duk a bara aka haife su, duk sun sadu da namiji tun kaka, duk sun kwana hunturu a ɓoye cikin wani tsagi. Da rana ta fara ɗumi a Maris ko Afrilu suka fito, kowacce da ƙwai a cikinta, kowacce tana da duk abin da ake bukata ta kafa gidan kanta. Wasu 'yan uwansu hakan suka yi, suka tafi su kaɗai. Waɗannan kuwa suka haɗu a kan saƙa ɗaya.

Kwanakin farko ba daɗi. Ana cizo, ana kokawa, wani lokaci biyu su sarƙe har su faɗo ƙasa tare. Bayan 'yan kwanaki rigima ta lafa, amma ba don an yi raba daidai ba. Layi aka ja: akwai ta ɗaya, akwai ta biyu, akwai ta uku. Ta ɗaya tana taka kowa, ta biyu tana taka ta uku, ta uku ba ta da wadda za ta taka. Daga ranar kuma abinci ya koyi hanyar da zai riƙa bi.

Dawowar mai farauta

Ga abin da ake gani da hantsi idan rana ta yi zafi. Ta uku ta tashi, ta shiga cikin ganyaye tana bin bayan kowane ganye. Tsutsar malam-buɗe-littafi take nema, ko wani ƙwaro mai laushin jiki. Idan ta samu ba ta bukatar harbi. Harbinta na tsaron gida ne. Da muƙamuƙi take kashewa, ta feɗe, ta yanki tsoka, ta dunƙule ta zama ƙwallo kore shar, ta riƙe tsakanin baki da ƙafafun gaba ta taso.

Tana sauka a kan saƙa, ta ɗaya ta tare ta. Ta miƙe a kan ƙafafunta ta fi ta tsawo, ta shiga buga mata ƙahonni a ka, wato waɗannan siraran zarurruka biyu da rina ke taɓa abu da shinshina shi da su. Ta uku ta kwantar da jiki, ta sauke nata ƙahonnin, ta tsaya cik kamar an dasa ta. Sai ta ɗaya ta kama gefen ƙwallon ta ja. Wani lokaci su yi ta ja har ya rabe biyu, wani lokaci ta karɓe duka. Ta biyu ma ta matso ta gutsuri nata. Nan take sai ka ga mata biyu ko uku kowacce da guntu a baki, suna juya shi da ƙafafun gaba, suna tauna, suna tauna, na tsawon mintuna.

Wannan taunar ita ce mabuɗin lamarin duka, kuma sai an dubi ƙirar jikin rina ake gane ta. Ƙugunta siriri ne ƙwarai, kuma ta cikinsa maƙogwaro ya ratsa ya kai ciki. Bakinta ma yana tace abin da ke shiga. Babbar rina ba ta haɗiyar tsoka, ruwa kawai take sha. Saboda haka idan tana tauna naman nan, romonsa take tsotsewa, yana taruwa a wata jaka da ke farkon cikinta. Wani kaso na romon zai wuce ya ciyar da ita, wani kaso za ta dawo da shi ta ɗura wa ƙananan 'ya'ya. Tsokar da ta rage kuma ta manyan 'ya'ya ce, waɗanda su ke iya haɗiye ta.

To ke nan wadda ta karɓi nama daga bakin mai farauta ba aikin rabo kawai ta karɓa ba. Ta karɓi abinci mai gina jiki, irin wanda mace ke bukata kafin ƙwai ya nuna a cikinta. Kuma ta karɓe shi ba tare da ta kaɗa fiffike ba.

Idan ruwan fure aka kawo maimakon nama, abin ya fi sauri. Mai kawowa ta buɗe muƙamuƙi, ɗigo ya fito ya tsaya a bakinta, ɗayar ta kafa nata bakin ta zuƙe, ƙahonninsu suna ta haɗuwa. Haka ake miƙa ruwan sha ma, wanda ake yayyafa wa saƙa a yi mata fifita da fiffike idan zafi ya yi yawa. Wannan musaya ta baki da baki ita ce masanin ƙwari na Amurka William Morton Wheeler ya raɗa wa suna tirofalaksis a 1918, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin ciyarwa da musaya.

Abin da Pardi ya gani

Wanda ya fara zama ya rubuta wannan tsari dalla-dalla shi ne Leo Pardi, masanin dabbobi ɗan Italiya, a birnin Pisa cikin shekarun 1940. A lokacin ana kiran rinar da sunan Polistes gallicus. Ya yi wa kowace mace alama don ya bambanta su, ya riƙa lissafa wa ta taka wa, wa ta ba wa, wa ta fita, wa ta zauna. Kafin shi an san irin wannan layi a garken kaji, tun aikin Thorleif Schjelderup-Ebbe ɗan Norwe a farkon shekarun 1920. Ba a zaci za a same shi a wurin ƙwaro ba. Bayaninsa da ya fito da Turanci a 1948 shi ya kai maganar ga sauran duniya.

Abubuwa uku ya tarar suna tafiya tare kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Ta sama tana zaman gida, na ƙasa suna fita. Abinci ya fi gangarowa daga na ƙasa zuwa ta sama, har ma idan ta sama ta taka ta ƙasa, sau da yawa ta ƙasan takan fito da ɗigo ta miƙa. Sannan da ya buɗe cikinsu ya duba, ma'ajiyar ƙwan ta sama cike take, ta na ƙasa kuwa tana ƙanƙancewa gwargwadon nisansu da sama. Ya kuma ga cewa idan aka ɗauke ta ɗaya, ta biyu takan haye gurbinta, ta rage fita, ƙwanta ya fara nuna.

A nan ne nake ganin ya kamata mai karatu ya dakata. Da wuya a ce ga sanadi ga sakamako, domin abin zagaye yake yi. Ta ɗaya ta yi rinjaye, sai ta samu abinci ba tare da wahala ba. Abincin ya cika mata ƙwai. Cikar ƙwan da sinadaran jiki da ke tare da ita suka ƙara mata ƙarfin rinjaye. Ta uku kuma tana ƙona ƙarfinta a tashi da sauka, tana miƙa mafi kyawun abin da ta samo, ƙwanta yana ja da baya, kullum tana ƙara nisa da matsayin da ta fito hunturu da damar samunsa. Bambancin da ke tsakaninsu ranar farko ɗan kaɗan ne. Hanyar da loma ke bi ita ta faɗaɗa shi.

Ba a hana ta uku yin ƙwai gaba ɗaya ba. Takan samu ɗaki babu kowa ta saka. Amma ta ɗaya tana zagaya ɗakunan tana leƙawa, kuma tana bambance ƙwanta da na wata ta wari. Idan ta tarar da baƙon ƙwai sai ta cinye, ta saka nata a gurbin. Masanin Faransa Jacques Gervet ya bayyana wannan a 1964. Har ɗan abin da ta uku ta tara a jikinta ta mai da shi ƙwai, ya sake komawa cikin ta ɗaya.

'Ya'yan ma suna biya

Da an tsaya a nan, sai a ce abinci daga waje yake shigowa, ya hau sama, ya sauka cikin ɗakuna, shi ke nan. Amma akwai wata hanya da ke fitowa daga cikin ɗakunan.

'Yar rina tsutsa ce fara, ba ƙafa, ba fiffike, tana zaune a ɗakinta kanta yana kallon ƙofa. Babba ta zo da nama, ta zura kai, ta manna mata guntu a baki. Bayan an gama rabo sai ka ga babbar ta sake zagayowa ba komai a bakinta. Ta zura kai, ta taɓa bakin tsutsar, sai tsutsar ta fitar da wani ɗigo garai-garai kamar raɓa, babbar ta shanye, ta wuce ɗaki na gaba. Duk matan gidan suna yin haka, dare da rana.

Émile Roubaud, Bafaranshe, ya ga wannan a wurin rinar Afirka mai dogon ƙugu da ake kira Belonogaster, kuma a 1916 ya fito da magana mai nauyi: a ganinsa kwaɗayin wannan yawu ne ke riƙe manya a gida, shi ne ma tushen zaman tare. An yi ta ja-in-ja a kan haka shekara da shekaru. A 1982 James Hunt tare da Irene Baker da Herbert Baker suka auna abin da ke cikin yawun, suka tarar yana ɗauke da sinadaran gina jiki masu kama da na ruwan fure, sau da yawa ma ya fi shi kauri, ga kuma sukari. Wato tsutsar tana karɓar tsokar da babba ba ta iya haɗiya, ta narkar da ita, ta mayar da wani kaso a siffar da babba ke iya sha. Ba ni gishiri in ba ka manda.

Amfanin wannan yana bayyana ranar da sama ta rufe. Idan aka kwana biyu ana ruwa ko sanyi, ba mai fita, ba fure, ba farauta. 'Yan ɗigon zuma da aka liƙa a bangon wasu ɗakuna ba su da yawa. A irin wannan rana 'ya'yan su ne rumbu. Idan yunwa ta wuce haka kuma, sai a zaro ƙwai da ƙananan tsutsotsi a tauna a ba manyan tsutsotsi, waɗanda aka riga aka zuba wa wahala mai yawa kuma suka kusa fitowa. Wasu masana na ganin ɗigon da tsutsa ke bayarwa har da kare kai a ciki, domin wadda ake sha daga bakinta ta fi amfani a raye. Ban ga abin ƙyama a wannan ba. Gida ne da ba shi da wurin ajiya sai jikin mazaunansa, kuma kowane jiki a cikinsa, babba da ƙarami, ma'aji ne na sauran.

Me ya zaunar da ta uku?

Wannan ita ce tambayar da lamarin ya rataya a kanta. Mace ce cikakkiya, tana iya tafiya. Me ya sa take fita inda tsuntsu da gizo-gizo ke jira, ta dawo ta miƙa wa wadda za ta cinye mata ƙwai?

Amsar farko ta fito daga William Hamilton a 1964: zumunci. A wurin rina da zuma da tururuwa, namiji daga ƙwan da ba a barbara ba yake fitowa, saboda haka 'yan mata biyu da suka haɗa uwa da uba suna tarayya a kashi uku cikin huɗu na gadon halittarsu. Idan ta uku ƙanwar ta ɗaya ce, 'ya'yan da take ciyarwa suna ɗauke da kashi uku cikin takwas na nata, 'yarta ta cikinta kuwa da rabi za ta ɗauka. Ragin ba shi da yawa, kuma ana cike shi da tsaro. Mace ɗaya tilo idan ta fita farauta gidanta ba mai gadi, tururuwa ta shiga, ko wata rina ta ƙwace. Idan ta mutu kafin 'ya'yan farko su fito, duk abin da ta gina ya tafi. Gida mai mata uku ya fi jure irin wannan. Mary Jane West-Eberhard, wadda ta yi nazarin wata rinar ta wannan dangi a Mishigan ta wallafa a 1969, tana cikin waɗanda suka fara gwada wannan tunani a kan gidaje na gaske.

Amsar ta yi kyau, kuma gaskiya ce a gidaje da yawa. Sai dai a 2000 David Queller da Joan Strassmann da abokan aikinsu na Italiya suka binciki gadon halittar matan da ke zama tare a gidajen Polistes dominula, suka tarar kusan kashi 35 cikin ɗari ba su da dangantaka da juna ko kaɗan. Bare ce take fita ta yi farauta ta ciyar da 'ya'yan bare. Zumunci ba zai ɗauki wannan ba.

Sauran amsar daga kudancin Sifaniya ta zo, inda rinar ke gina gidaje da yawa a jikin shingen wata ƙaya mai faffaɗan ganye, kuma inda Jeremy Field da ɗalibansa suka shafe shekaru suna yi wa mata alama ɗaya bayan ɗaya. A 2011 Ellouise Leadbeater da sauransu suka nuna cewa ta ƙasa a gidan tarayya, idan aka haɗa lissafi, tana barin 'ya'yan cikinta fiye da wadda ta kafa gida ita kaɗai. Wasu ta saka su a ɓoye sun tsira, amma mafi yawa ta hanyar gado ne. Ta ɗaya takan mutu, layi ya matsa, wadda take ɗauko nama jiya ta wayi gari ita ake kawo wa, a gida ginanne mai ma'aikata.

Idan haka ne, ya kamata wadda ta fi kusa da gado ta fi tattalin ranta. Haka kuwa aka samu. Michael Cant da Field sun nuna tun 2001 cewa ta biyu ba ta fita kamar na bayanta. Tana da abin da za ta rasa. Ta can ƙarshen layi, wadda gado ya yi wa nisa, ita ce ke shan rana. Sannan a 2017 Lena Grinsted da Field suka yi gwajin da ya fi burge ni a duk wannan bincike. Suka ƙara wa na ƙasa zaɓi, wato suka sa ya zama da sauƙi mace ta samu wani wurin da za ta koma. Sai na ƙasa suka rage fita farauta. Da wurin zuwa ya yawaita, farashin zama ya sauka.

Wannan ya sauya yadda nake kallon ƙwallon naman nan da ake ja a bakin saƙa. Mutane sukan so su karanta shi ta ɗayan hanya biyu: ko su ce sadaukarwa ce, ko su ce zalunci ne, kashin dankali, babba a kan ƙarami. Duka biyun sun raina ta uku. Na farko ya mai da ita marar buri, na biyu ya mai da ita marar dabara. Abin da gwaje-gwajen suka nuna shi ne mai biyan kuɗin zama, wadda adadin abin da take biya yake hawa da sauka gwargwadon matsayinta a layi da kuma ƙofofin da ke buɗe mata a waje. Ba ina cewa tana zama ta yi lissafi ba ne. Halitta ce ta daidaita ta a kan haka. Amma ta ɗaya ma ba ta da ikon ƙwace yadda ta ga dama, domin idan ta matsa da yawa za ta wayi gari ita kaɗai.

Bayan 'ya'yan farko sun fito

Wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni manyan tsutsotsi sun toshe bakin ɗakunansu da farin murfi na siliki, sun sauya halitta, sun yanke murfin sun fito. Mata ne, ba su sadu da namiji ba, kuma su ne ma'aikata. Daga nan farauta ta koma hannunsu. Matan da suka kafa gidan tare da ta ɗaya, wasu sun mutu a hanya, wasu an kore su, wasu suna nan cikin ma'aikata suna jiran layi.

Me ya sa waɗannan 'ya'ya suka zama ma'aikata, alhali ƙannensu da za a haifa a Agusta za su zama iyayen gidajen baɗi? A wurin wannan rina babu wani bambancin ƙira a fili tsakanin uwa da ma'aikaciya. Babban abin da ya raba su shi ne kitsen da ke jiki da shirin kwana hunturu, kuma abinci yana da hannu dumu-dumu a ciki. 'Ya'yan farko an rene su lokacin da baki ya fi hannu yawa: mata biyu ko uku ne ke ciyar da ɗakuna masu yawa, ana kuma tatsar yawunsu. Sun fito ba kitse. 'Ya'yan ƙarshe kuwa sun tarar da ma'aikata da yawa a kansu, sun ƙoshi. Hunt da abokin aikinsa sun gwada wannan a jihar Misuri a kan wata rina mai suna Polistes metricus: gidajen da aka ƙara wa zuma sun fitar da 'ya'ya masu kitse fiye da sauran.

Abinci ba shi kaɗai ba ne. A wurin Polistes fuscatus ta Amurka, uwa idan tana rabon nama takan zura kai a ɗaki ta kaɗa ƙahonninta a jikin bango, har kunnen mutum yana jin ƙarar. A 2011 Sainath Suryanarayanan da Robert Jeanne na Jami'ar Wiskonsin suka kwaikwayi wannan kiɗa da na'ura a gidajen da ya kamata su fitar da iyayen baɗi, sai 'ya'yan suka fito da ƙarancin kitse, irin na ma'aikata. Da lomar da saƙon da ke rakiyarta, tare suke shiga ɗaki.

Mazan gidan wajen Yuli zuwa Agusta suke fitowa. Ba su farauta, ba su da harbi, ci-ma-zaune ne har ranar da za su bar gida neman mata. Suna tare masu dawowa suna roƙon ɗigo, kuma ana ba su. Amma a 1997 Philip Starks da Emily Poe suka bayyana wani abu da ma'aikatan Polistes dominula ke yi: da zarar mai farauta ta sauka da abinci, sai wata ma'aikaciya ta cafki namiji, ta cije shi, ta tura kansa cikin ɗakin da ba kowa, ta danne shi a ciki. Kafin ya fito an gama rabo, abinci ya isa ga tsutsotsi. Ɗan uwansu ne na jini, kuma ba kashe shi suke yi ba. Kawar da shi suke yi daga layi na ɗan lokaci, domin 'yar da ke ɗaki ba ta iya fita neman fure, shi kuwa yana iyawa.

Kada a ɗauka kowace rina mai gidan takarda haka take tafiyar da gidanta. A Indiya, Raghavendra Gadagkar da ɗalibansa a Bangalor sun daɗe suna nazarin Ropalidia marginata, wadda uwar gidanta shiru-shiru ce, da wuya take cizon wata, da wari take riƙe matsayinta. Cizo da taka juna a can tsakanin ma'aikata yake, kuma ya koma hanyar isar da labarin yunwa. Da aka ƙosar da gida sai cizon ya ragu, da aka bar shi da yunwa sai ya ƙaru, kuma masu fita farauta ne suka fi shan sa. Motsi iri ɗaya ne da na rinar Pardi, amma a can abin da yake faɗa shi ne: tashi, yara ba su ci ba.

Kaka

A Satumba zuwa Oktoba gidan ya ƙare. Ta ɗaya, ko wadda ta gaje ta, ta tsufa ta daina ƙwai. Ɗakuna sun zama fanko, ba tsutsa, ba ɗigon yawu. Ma'aikata suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, maza ma haka bayan barbara. Waɗanda suka rage su ne 'yan matan ƙarshe masu kitse, kuma sukan bar saƙa su taru a wani lungu, sau da yawa daga gidaje daban-daban, suna jiran sanyi ya kankama.

Leonardo Dapporto da abokan aikinsa a Italiya sun bi waɗannan taruka a tsakiyar shekarun 2000, suka tarar ba zaman jira kawai ake yi ba. Ana taka juna, ana miƙa ɗigo baki da baki, kuma yadda mace ta kasance a wannan taro yana nuna matsayin da za ta samu idan an kafa gida a bazara. Layin da muka gani a Afrilu, ashe tun kaka aka fara jan sa. Sun kuma tarar da wasu 'yan kaɗan a cikin taron da ke fita su samo abinci su ɗura wa sauran, alhali babu saƙa, babu ƙwai, babu gurbin da za a gada. Waɗannan masu ciyarwa yawanci ba su kai bazara. Waɗanda suka sha daga bakinsu ne ke fitowa a Maris, su nemi busasshen itace su fara kankara.